Fuskar da Na Buɗe a Jambutu

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Mubi, ni da ƙanena, za mu Garwa gaida Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda aka yi wa aikin ido. Kwana uku muka shirya yi, muka ƙare da kwana takwas. Masu tambayar abin da ya sa aka daina samuna a waya, ku gyara zama.

A kan iyaka na fara shan mamaki. Na miƙa wa ɗan canji damin naira da sai da na sa hannu biyu, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ko tafin hannuna ba su cika ba. Na tsaya ina jiran ciko, ya ce ai shi ke nan. Jami'ai suka duba takardunmu da katin rigakafi, muka wuce. Hanyar daga nan duk duwatsu ce da kwazazzabai, motar kuma an cika ta da buhunan kaya har tana tafiya a karkace. A Mayo-Ulo muka karya kumallo da shayi da dogon burodin nan nasu mai kama da sanda, wanda sai haƙori ya yi da gaske. Mai shayin ya ce mini wani abu da Fulatanci, da ya ga na yi zuru ya koma Faransanci, da ya ga abin ya ƙara lalacewa ya yi dariya ya ce, to da Hausa, sukari cokali nawa?

Daga Gidar muka hau kwalta, gonakin auduga dama da hagu. Azahar ta yi mana a Garwa. An sha ba ni labarin zafin garin nan, amma labari daban ne. Iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin murhu take fitowa. Ba don itatuwan darbejiya da suka jera a tituna ba, ban san yadda mutane za su yi ba.

Gidan Goggo yana unguwar Jambutu. Dangin mijinta jikokin fataken Kano ne da suka zo da shuni da goro suka zauna, kuma har yau kasuwa ce sana'arsu. Hausarsu tana da daɗin ji, sai dai a jimla ɗaya za ka tsinci Fulatanci da Faransanci. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda suke kira folere, da yankan giwan ruwa da ban taɓa cin mai maiƙonsa ba. Goggo ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta ce ashe na tsufa. Shekara biyar tana ganin mutane kamar ta cikin hayaƙi, yanzu an cire mata yanar. Surukarta ta raɗa mini cewa tun da idon ya buɗe ba wanda ya huta a gidan, kullum sai an sake shara.

Surukar ce kuma ta gargaɗe ni. Ta ce akwai samari masu yawo bibbiyu a kan baburan nan masu caji, fuskokinsu a rufe da baƙin ƙyalle. Babur ɗin ba ya ƙara, ba za ki san yana bayanki ba sai jakarki ta bar kafaɗarki. Ta ce matan unguwar sun daina fita da jaka, waya a ƙugun zani ake ɗaure ta, ɗan kunne kuma sai an isa gidan biki ake sawa. Na ce to, amma a zuciyata na ɗauka irin tsoratar da baƙo ne.

Washegari da hantsi muka fita da Goggo a ƙafa, za mu bakin titi mu hau abin hawa zuwa kasuwa. Ido na ganin ido, mutane na zirga-zirga, mai ƙosai na suya. Ina riƙe da waya a hannun dama, jaka a kafaɗar hagu. Ban ji komai ba. Sai dai na ji an fizge wayar, an kuma cafki igiyar jakar. Ita igiyar ta riga ta sarƙe da mayafina, shi ya sa ba ta fita ba, ni ce na bi ta. Na faɗi a kan gwiwa, babur ya ja ni a ƙasa. Ba jarumta ba ce ta sa na kai hannu, neman abin kamawa nake yi. Abin da na kama ƙyallen fuskar na bayan ne. Ya zame ya zo hannuna.

Ya waigo. Saurayi ne fari, da ɗan gemu, da tabo a gira. Ya dube ni, ya dubi Goggo da ke tsaye taku uku daga wurin, sai ya saki jakar. Mai ƙosai ta ɗaga murya tana cewa gujjo, gujjo, wato ɓarawo, amma kafin maza su taso sun sha kwana.

A ɗakin shan magani aka wanke mini gwiwa da gwiwar hannu aka naɗe. Sai da muka koma gida, Goggo ta sa aka kira babban ɗanta daga kasuwa, sannan ta faɗi wanda ta gani. Ɗan wani Alhaji ne da ke bayan layinsu, maƙwabcinsu na shekara arba'in. Ta ce ita ta yi wa uwarsa zaman jego lokacin da aka haife shi.

Ɗan Goggo ya riƙe kai. Rumfarsa na jikin ta Alhajin a kasuwa, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ya ce ko dai Inna ba ta gani da kyau ba, tunda idon bai daɗe da warkewa ba.

"Da kuɗinka aka gyara idon nan," in ji Goggo. "In kana ganin likita bai iya aiki ba, je ka faɗa masa. Ni dai na ga yaron, shi ma ya gan ni."

Bayan la'asar sai ga ƙanin Alhajin ya yi sallama. Ya yi mini sannu sosai, ya ajiye sabuwar waya a kwalinta a gefen tabarma, wadda ta fi tawa tsada nesa ba kusa ba. Bai ce ɗansu ne ba, bai ce ba shi ba ne. Ya ce dai zumunci ya fi ƙarfin waya, kuma baƙuwa bai kamata ta wahala da zuwa ofisoshi a ƙasar da ba ta jin harshenta ba. Ba zan ɓoye muku ba, na kalli kwalin nan. Gwiwata na zogi, ƙanena na ta yi mini ido mu karɓa mu tafi gida. Na ce a ba ni zuwa safe.

Kafin magariba wata mata ta shigo, malamar makarantar firamare ce a unguwar, hannunta ɗaya a ɗaure da filasta rataye a wuya. Wata guda da ya wuce aka ja ta a kan titin nan kamar yadda aka ja ni, ƙashin ya karye gida biyu. Da hagu take rubutu a allo yanzu. Ta ce mutane sun daɗe suna raɗe-raɗi, amma ba wanda ya taɓa ganin fuska, sai ni. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dubi kwalin wayar, ta yi mana sai an jima.

Da safe na ce wa ɗan Goggo ya mayar da kwalin. Goggo ta yafa mayafinta mafi kyau muka tafi wajen lawan, wato mai unguwa, daga nan muka wuce komisariya, ofishin 'yan sanda. Mun daɗe a kan benci muna jira. Da aka zo kanmu, ɗan Goggo ne ya yi tafinta, yana zufa yana juya maganata zuwa Faransanci. Na miƙa ƙyallen. Aka tambayi Goggo ko ta tabbata, ta faɗi sunan yaron da na ubansa da na kakansa.

Da yammacin ranar wani babur mai caji ya wuce ta ƙofar gidan a hankali, mutum biyu a kai, fuska a rufe. Ya je ƙarshen layi ya juyo ya sake wucewa. Surukar Goggo ta ce a kulle ƙofa. Goggo ta ce a fitar mata da tabarma. Ta zauna a ƙofar gida da carbinta, ni ma na fito na miƙe ƙafata mai bandeji kusa da ita. Can sai ga malamar ta zo ta zauna. Mai ƙosai ta kawo kujerarta. Kafin a kira salla mun kai mu goma sha, kowace ta fito da wayarta ta riƙe a fili, har da waɗanda ba su da wanda za su kira. Babur ɗin bai dawo ba. Haka muka yi kwana uku a jere, kuma a kwanakin nan mata huɗu suka je komisariya suka ba da nasu bayanin.

A rana ta shida Alhajin ya zo da kansa, ya same mu a ƙofar gida tare da malamar. Dattijo ne dogo, ya rame a fuska. Ya tsaya a tsaye bai karɓi tabarma ba. Ya ce shi ya saya wa yaron babur don ya riƙa ɗaukar fasinja, ya kuma kai babur ɗin komisariya da hannunsa a safiyar nan. Yaron kuwa ya gudu, ana jin ya yi kudu wajen Maiganga. Sannan ya ce, "Hajiya, da kin zo gidana tukuna."

Goggo ta ce, "Ƙaninka ya riga ni zuwa, Alhaji, da kwali a hannu. Ga malamar jikokinka nan, dubi hannunta. Ita me aka kai mata?"

Ya dubi malamar ya daɗe. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya juya ya tafi.

Ban yarda na bar Garwa da wannan kaɗai ba. Ana gobe za mu tafi na rataya jakata, wadda aka ɗinke wa igiya, na sa ƙanena ya kai ni gadar Binuwai. Muka ga masunta a kwalekwale, aka nuna mana kan dorina can tsakiyar ruwa, ko da yake ni dutse na gani. Muka ci gasasshen kifi da yaji a bakin kogi, na sayi atamfa turmi biyu bayan ciniki da yatsu. Duk babur ɗin da ya gifta sai na waiga, wannan kam ban iya hana kaina ba. Amma ban ɓoye jakar ba.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, muka iso Mubi da la'asar, ina ɗingishi. Wayata ba ta dawo ba, da hotunan 'ya'yana da duk abin da ke cikinta. Ba a kama yaron ba har yau, na gaban babur ɗin ma ba a san ko wane ne ba. Matar Alhajin ta daina amsa gaisuwar Goggo, kuma na san hakan na ci mata rai fiye da yadda take nunawa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙyallen da ke fuskar ɓarawo ba shi ne ke ɓoye shi ba. Mu ne, maƙwabta da dangi, masu jin nauyin juna. Na kusa zama ɗaya daga cikin masu ɓoyewar saboda sabuwar waya. Jiya Goggo ta kira ta wayar ƙanena, na tambaye ta ko ba ta tsoron zama a ƙofar gida yanzu da muka tafi. Ta ce, "Shekara biyar ina zaune a ɗaki don ba na gani. Yanzu kuma in koma don na gani?"