Scholastica da Saƙon da Bai Tarar da Kowa Ba

A Samaru, duk wanda ya san gidan Malam Mordecai, tsohon malamin firamare, ya san autarsa Scholastica, wadda ake ce wa Sikola. Tun tana ƙarama ba ta iya jira ba. In an aike ta niƙa, ba ta tsayawa a layi. Sai ta ajiye kwanonta ta ce wa mai inji, "In an gama ka ƙwala mini kira," ta wuce ɗebo ruwa.

Ta karanci kwamfuta a jami'a. Da suka gama, 'yan ajinsu suka watse Abuja da Legas, ita kuwa ta noƙe, don mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya, Baba ya tsufa, kuma ita kaɗai ta rage a gida. Ana nan sai wani ƙaramin asibiti a Basawa ya ba ta aikin gwaji: ta shirya yadda mara lafiya zai ga sakamakon awon jininsa a wayarsa, ba tare da idon wani ya kai ba. In abin ya yi, sun ɗauke ta. In bai yi ba, dole ta bi sahun 'yan ajinsu, ta bar tsoho shi kaɗai.

Ga yadda abin yake. Kafin waya ta yarda da kwamfutar asibiti, sai kwamfutar ta sa hannu da wani mabuɗin sirri, don a tabbata ba ɗan damfara ba ne. Mabuɗin kuwa ba ya fita daga wani ɗan akwatin ƙarfe, sai dai a aika masa, ya sa hannu, ya mayar. Ga akwatin da sanyin jiki. Da farko kwamfutar kan tsaya cik tana jiransa, na baya su yi ta kallon waya tana juyi. Sai Sikola ta koya mata halinta na wajen niƙa: ta miƙa aiki, ta bar sallahu cewa in an gama a kira ta, ta juya ga na gaba. Wannan sallahu shi suke ce wa kolbak.

A ofis abu ya tafi sumul. Amma da aka ba mutane su gwada, sai kwamfutar ta riƙa sumewa haka kawai, sai an kashe an kunna.

Tobi, abokin aikinta, haifaffen Sabon Gari, ya leƙo ya ce, "Sikola, na gaya miki aljanun Basawa ba sa son boko."

"Ai babbansu ne ke tsaye a kaina," in ji ta. "Matsa, kana tare mini fanka."

Ta lura suman ya fi zuwa in mutanen ƙauyen Bomo ne a kan layi. Wata safiya ta hau keke mai ƙafa uku ta nufi Bomo, gidan Mama Salome, 'yar zumuntar matan majami'arsu, mai fama da ciwon suga.

"Mama, ki duba awonki in gani, yadda kika saba."

Mama Salome ta danna. Sabis ya ɗauke. Ta ja tsaki, ta rufe wayar, ta soke ta a zani.

"Mama, ba za ki ɗan jira ba?"

"'Yata, masara ke jirana a gona. Wannan in ta ga dama ta zo da yamma."

Sikola ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe akwatin kan gama sa hannu ya kira, kwamfutar ta taho da gudu ta miƙa wa wanda ya riga ya tafi, ta faɗa wayam, kamar mai kaya a kai da ya jingina da ƙofar da aka cire. A ofis kuwa sabis bai taɓa ɗaukewa ba, ina za ta gani?

Ta koma ta gyara. Yanzu in akwatin ya kira, sai an fara dubawa ko mai saƙon yana nan. In ya tafi, a goge sa hannun tas, kada ya faɗa hannun wani, sannan a share wurinsa.

Ranar gwaji babban likita ya zauna yana kallo. Tobi ya yi ta katse datarsa a tsakiyar hanya da gangan, yana cewa, "Sai na kayar da ke." Har babban yatsansa ya gaji, kwamfutar ko gezau. Can Mama Salome ta bugo daga gona ta ce ta ga nata, suga ya sauka, a gode wa Yesu.

Da la'asar Sikola ta tarar da Baba a gindin mangwaro da rediyonsa. Ta durƙusa.

"Baba, sun ɗauke ni."

Ya rage muryar rediyon. "Ubangiji ya yi aikinsa. To, tashi ki kwance jakar tafiyar nan da kika ɓoye a bayan ƙofa. Na gaji da tuntuɓe da ita ina yi kamar ban gani ba."