Aron Kunne a Lyon: Ta'aziyyar Surukina, Mai Lasifikan Kusurwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 2017, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifin matata a wani asibiti na birnin Paris, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An yi masa sallah, aka rufe shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar Thiais. Mutanen unguwar Belleville sun san shi da Mai Rediyo. Ni Rachidou, mijin ɗiyarsa Latifa, Baba nake ce masa, kuma tun da na shiga gidansa sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka aka rene mu a Maradi: suruki ba a kiran sunansa, ba a cin abinci a gabansa, ba a zama kan kujera yana ƙasa. Don haka a yi mini uzuri in na yi ta kewaye-kewaye, alƙalamin ma kunya yake ji.

Baba, kun baro Damagaram kuna saurayi, kuka shiga shagon wani tsohon Bature mai gyaran rediyo a Belleville, kuka zauna da shi har ya mutu ya bar maku shagon. Ni na fara sanin wurin a 2003, ina ɗalibi a Saint-Denis, da wata rediyo da ta faɗo mini daga kan gado. Kuka juya ta, kuka kara ta a kunne, kuka ce, "Wannan yunwa take ji kamar mai ita." Kuka gyara ta, kuka tura ni bayan shago in ci shinkafar da uwargidanku Hajiya Kadidiatou ta aiko maku. Ɗalibai nawa suka ci wannan shinkafa, Allah kaɗai ya sani. 'Yan uwanmu masu ɗaukar kaya a kasuwar Rungis, waɗanda ba su iya rubutu ba, a shagonku suke zama su yi magana a kaset a kai wa iyayensu gida, kuma in mutum ya fara hawaye sai ku fita waje ku ce za ku sha iska. Lasifikar masallacinmu kuwa, duk sanda ta fara ƙugi, ba a neman kowa sai ku.

Amma abin da kuka fi so a duniya, bayan iyalinku, shi ne wasu lasifika guda biyu da tsohon ubangidanku ya bar maku. Mu 'yan Nijar bafal muke ce masu. Na katako ne, tsofaffi ƙwarai, kowanne ya kai ƙirjin mutum, kuma nauyinsa sai ƙarti biyu. Bayansu a fiƙe yake, domin ba a ajiye su a ko'ina sai a kusurwar ɗaki. Kun taɓa yi mini bayani, ina tsugune daga bakin ƙofa, cewa a cikinsu akwai wani ƙaho da aka naɗe, kuma bangon ɗakin shi ne yake ƙarasa ƙahon. In aka janye su daga kusurwa, muryarsu sai ta rame. In kuma an daidaita su sosai, wanda ya zauna a tsakiya zai ji mai waƙa tsaye a gabansa, ba dama ba hagu. Shekaru kuka yi kuna farfaɗo da su, Hajiya tana cewa da a ce kuna kula da hawan jininku kamar yadda kuke kula da katakon nan da likita ya huta.

A kakar 2013 aka gayyace ku wani baje kolin kayan sauti a Lyon, a wani otel inda ake ba kowane mai nuni ɗaki guda. Kuka ce wa Latifa a gaya wa Ɗan Maradi, haka kuke kirana, ya zo ya tuƙa maku mota. Na ɗauka tuƙi ne kawai da ɗaukar kaya. Daga Paris har Lyon ban ci ko gyaɗa ba, ku ma ba ku ce mini komai ba sai "yi hankali da babbar motar nan."

Da safiyar ranar buɗewa muka tura lasifikan nan cikin kusurwoyinsu, muka haɗa ampili mai fitilu, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, kuka ja wata kujera mai laushi zuwa tsakiyar ɗaki. Sannan kuka nuna mini ita kuka ce, "Zauna." Na yi kamar ban ji ba. Kuka sake faɗa, sai na ce, "Baba, ku zauna, ni in tsuguna in juya abin." Domin maɓallan daidaita sautin a bayan lasifikan suke, can ƙasa, sai mutum ya durƙusa ya zura hannu. Kuka tura ƙofa, kuka dubi bango, ba ni ba, kuka ce, "Da ina ji, da ban ɗauko ka ba. Kunnen hagu ya tafi tun bara, na dama ma bin sa yake. Ba wanda ya sani, ko Hajiya. Aron kunne nake nema."

Wallahi nan take na gane nauyin maganar. Mai gyaran sauti da kunnensa yake cin abinci, da shi kuma ake ganin girmansa. Da labarin ya fita, da babu wanda zai sake kawo maku ko rediyon aljihu, kuma da 'ya'yanku sun sa ku rufe shago a ranar. Ga shi nan da 'yan sa'o'i ɗakin zai cika da mutanen da suka yi tafiya don su ji abin da Mai Rediyo na Belleville ya yi.

Na zauna a bakin kujerar kamar wanda ya zo neman gafara. Kuka sa faifan wata mata mai waƙa ita kaɗai, kuka durƙusa a kusurwa. Muryar ta fito a warwatse, ba ta nan ba ta can. Kuka ce, "Yaya?" Na ce, "Ya yi kyau, Baba." Me zan ce? A garinmu wa yake ce wa surukinsa aikinsa bai yi ba? Sai kuka ɗago kai kuka ce, "Da gangan na juya waya ɗaya, in gwada ka. In haka za ka yi mini, tashi mu loda kaya mu koma, kafin a yi mini dariya da furfurata."

Nan na jingina da kujerar, na rufe ido kamar yadda kuka umarce ni, na fara faɗin gaskiya. Kuma dole in ɗaga murya, don in na yi ƙasa-ƙasa ba kwa ji. "Ƙara! A'a, ya yi yawa, rage! Koma wancan!" Kuna rarrafawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, gwiwa bibbiyu, hularku ta faɗi ba ku ɗauka ba. Gumi yana zubo mini har cikin riga, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige.

A haka Alhaji Soumaïla ya same mu. Tsohon amininku ne, ɗan kasuwa a Lyon, ya zo da kwanon abinci da wasu mutanenmu biyu don yi maku barka da zuwa. Sun yi sallama, kiɗa ya hana mu ji, suka turo ƙofa. Abin da suka gani shi ne ni a kishingiɗe, ido rufe, yatsa a sama, ina daka wa surukina tsawa, shi kuma dattijo yana durƙushe a ƙasa kansa ba hula. Alhaji ya ajiye kwanon ya ce, "La'ilaha illallahu! Kai ɗan gidan wa ne? Ashe haka Faransa ta cinye ka?" Na miƙe zumbur. Kalma ɗaya za ta wanke ni, kuma tana bakina. Na dube ku, kuka dube ni, wannan ne karo na farko da idona ya shiga naku. Kuka ce wa Alhaji, "Aiki muke yi." Ni kuma na haɗiye maganata, na sunkuyar da kai.

Bayan sun fita kuka ce in koma in zauna, ba mu gama ba. Na koma. Can sai muryar mai waƙar nan ta taru wuri ɗaya, ta tsaya a gabana, har ina jin jan numfashinta kafin ta ɗauki baiti. Na ce, "Baba, ta tsaya." Kuka ɗora tafin hannu a kan katakon, kuka daɗe a haka, sannan kuka ce, "Voilà, shi ke nan. Alhamdu lillahi."

Kwana biyu ɗakin nan bai rabu da mutane ba. Kuna tsaye cikin farar rigarku, kuna ba su tarihin lasifikan da Faransancinku na tsofaffi, kuna sa faifai, kuna zaunar da kowa a kujerar tsakiya bi da bi. Ni ina tsaye a hagunku, in an yi tambaya daga can sai in maimaita ta da Hausa kamar ina yi maku wata magana ta daban. Wani tsoho da ya zo da sanda ya saurari faifan gurmi da kuka ɗauko a Damagaram tun da daɗewa, ya tashi ya leƙa bayan labule, wai yana neman inda kuka ɓoye makaɗin. Kuka yi dariya har da riƙe ciki. Na yi murna da na ga wannan dariya, ko da yake na san ku kanku rabin abin kawai kuke ji.

Kafin mu iso Paris labari ya riga mu. Bakin mutanenmu ya fi jirgin ƙasa sauri! A masallaci aka daina matsa mini wuri a sahu. A wurin suna, in na shigo sai hira ta mutu. Wasu da ko gaisuwar kirki ba su iya ba suka zama malaman tarbiyya a kaina, har da ƙarin gishiri, wai ƙafa na miƙa maku ku cire mini takalmi. Mahaifiyata ta kira daga Maradi tana kuka, tana tambaya ko ita ce ta gaza. Latifa ta tambaye ni sau ɗaya, "Gaskiya ne ka zauna Baba yana ƙasa?" Na ce gaskiya ne. Ta ce, "Don me?" Na tashi na fita. Ta daɗe tana ajiye mini abinci ba tare da ta dubi fuskata ba, kuma wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har na taɓa jin haushinku. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne wani abu da kuka yi a hanyar dawowa. Mun tsaya shan mai, kuka sayo burodi, kuka raba shi biyu, kuka miƙo mini rabi, kuka zauna kusa da ni a kan dakali. Kuka ce, "Ci a gabana. Na ɗora maka kaya, kuma ban da ƙarfin sauke maka shi yanzu. Ka yafe mini." Dattijo kamarku yana neman gafarar yaron da ya ba ɗiya! Na ci burodin nan da hawaye, ban san ɗanɗanonsa ba. Daga nan kowace Asabar sai in zo shago, ku sauke labule, in zauna in zame maku kunne, har zuwa bara da kuka rufe shagon da kanku, da girmanku, ba wanda ya kore ku.

A asibiti, saura kwanaki kaɗan, kuka tara Hajiya da Latifa da ƙannenta Nazir da Shamsiya, kuka gaya masu komai. Latifa ta fita da gudu, na same ta a bakin matakala ta rufe fuska. Da na dawo kuka ce mini, "Sauran mutane kai za ka gaya masu, da hannunka, bayan an rufe ni. Umarni ne." Shi ya sa nake wannan rubutu. Kuma kunyar yau ta fi ta Lyon, domin ina tona abin da kuka ɓoye, sannan ni ne nake amfana da tonon. Alhaji Soumaïla, a zaman makoki na miƙa maku hannu kuka ba ni 'yan yatsu. Ban riƙe ku da komai ba. Duk mai tarbiyya da ya ga abin da kuka gani, abin da zai faɗa ke nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kadidiatou, da Latifa, da Nazir, da Shamsiya, da jikoki, da dangi na Damagaram, da duk wanda ya taɓa cin shinkafar bayan shago. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Lasifikan suna ɗakin Hajiya, kowanne a kusurwarsa, kujerar ma tana tsakiya. Jiya ta ce in kunna mata su. Na kunna, na zauna a ƙasa.

Saura abu ɗaya. Masu karatu za su so su yi addu'a, addu'a kuwa tana son suna. Baba, ku yafe mini wannan ma, sau ɗaya ne ba zan ƙara ba: Malam Illiassou ɗan Salihu. Allah ya jiƙanku, ya gafarta maku, ya yalwata kabarinku, ya rufa maku asiri a can kamar yadda kuka rufa wa mutane a nan. Allah ya sa Aljanna ce makomarku, ya sa in mala'iku sun yi maku sallama a ƙofarta ku ji ta da kanku, da kunne biyu, ba da aro ba. Amin.