Baƙar Ledar da Inna Kulu Ta Karɓa

Safiyar Talatar da ta wuce na dawo daga fiton farko, na kashe inji tun daga nesa na bar jirgi ya silalo bakin ruwa, sai na lura babu hayaƙi a layin masu bandar kifi. Tun tasowata ban taɓa ganin rana ta ɗago a tashar nan babu hayaƙin nan ba. Matan na zaune kan bokitan da suka kife, kifin jiya na cikin daro, babu mai taɓa shi. Ban tambayi kowa ba. Na kwance ledar da nake ɗaure wayata a ciki saboda ruwa, ina kunnawa sai ga fuskar Inna Kulu tana dariya, ta sa bayan hannu ta kare ido daga hayaƙi. A ƙasa an rubuta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwarmu ta tafi."

Ni na ɗauki hoton nan. Wanda ya sa shi kuwa Bashari ne, tsohon shugaban matasan kamfen ɗinta. Na zauna a gindin jirgi har fasinja suka sauke kayansu da kansu, ina ta maimaita kalmar "uwarmu" a raina.

Sunana Isuhu, fito nake yi da jirgin inji tsakanin Yelwa da gungayen da ke tsallake. Karatuna ba mai nisa ba ne, sai ku yi mini uzuri. Amma akwai maganar da na riƙe shekara biyu da rabi, yanzu kuma an ba ni izinin faɗinta.

Hajiya Hauwa'u, wadda kowa ke kira Inna Kulu, 'yar kasuwar bandar kifi ce. Tana da wani aikin kuma da ta gada wajen mahaifiyarta, wanda ba a biya kuma ba a hira a kansa: ita ke wankan gawar mata. Na fi saninta a cikin jirgi. In an gama lodi takan sa hannu a gefe ta auna tsakanin bakin katako da ruwa. In bai kai taƙi ɗaya ba sai ta ce, "Isuhu, wani ya sauka." In aka yi shiru kowa ya kau da kai, sai ta ɗauki daronta ta sauka ita, ta jira sawu na biyu a cikin rana. Da matuƙa suka fara yi mata tsiya suna kiranta Sarkin Ruwa, cewa ta yi, "Ku ba ku ganin waɗanda ruwa ya ci in an hiddo su. Ni ka ganinsu."

Wannan ne ya kai ta takarar kansila. Ba ta da dogon alkawari. Tana son a sa doka kan lodin jirgi, a kuma yi ɗakin haihuwa a tsallake don a daina ɗauko mai naƙuda cikin igiyar ruwa.

Fostarta ta farko a shagon mai hoto aka yi. An sa mata leshi, an goge tsagar fuskarta, an haska ta har ta koma wata. Ranar da aka manna a jikin rumfarta ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wagga amarya ɗiyar wa ce? Allah ya ba ta miji nagari." Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. A gungaye kuwa tsofaffi cewa suka yi ba su san matar ba.

Ni ke tuƙa ta yawon kamfen, kuma ina da ɗabi'ar ɗaukar hoto ba tare da mutum ya sani ba. Ina iya zama rabin sa'a waya na kan gwiwata ina jiran mutum ya manta da ni. Na ɗauke ta tana barci kan buhun gishiri baki a buɗe. Na ɗauke ta tana cin tuwon dawa kwano ɗaya da matan Kambari a wata gona wajen Ngaski. Na ɗauke ta ta tattare zane zuwa ƙwauri ta shiga ruwa tana karɓo jaririn wata daga jirgi. Da Bashari ya gani sai ya ce wannan ya fi fosta dubu. Ya kafa mini ƙa'ida: kullum bayan la'asar in tura masa duk abin da na ɗauka. "Kada ka zaɓa," in ji shi, "ni na san wanda zai shiga."

Suka kuwa shiga. Na ga waya ɗaya tana yawo hannu zuwa hannu a ƙarƙashin bishiya, tsohuwa na shafa gilashin da yatsa tana cewa, "Ga ta nan, wannan ita ce Kulunmu." Mutane suka riƙa cewa hoton da ba a shirya ba ba ya ƙarya. Ni ma na yarda da haka, har ina jin kaina wani ne.

Saura kwana tara zaɓe, da sanyin safiya, muna ɗaure kaya sai ga motar Alhaji Mamman mai shinkafa, abokin takararta, ta gangaro har bakin ruwa. Babu jiniya, babu 'yan rakiya. Ya buɗe ƙofa bai fito ba, ya aika direbansa ya kira ta. Ta je wurinsa suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai na ga ta rusuna, ta sa hannu biyu ta karɓi wata baƙar leda mai kauri. Hannuna ya riga tunanina, na danna.

Ga abin da ke cikin ledar: farin yadi na likkafani, da sabulu, da turare. Alhaji yana da yaya uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ciwon kuturta ya kama tun tana budurwa. Dangi suka kai ta wani gungu suka yi mata ɗaki a bayan gari, ana aika mata abinci, ba a ambatonta. Yawancin mutanen Yelwa ba su ma san da ita ba. Ta rasu da asuba, matan gungun kuma suka ji tsoron taɓa ta. Rusunawar da Inna ta yi, ta'aziyya take yi masa.

Ni na tsallaka da ita. Ni na ɗebo ruwan wankan na ajiye a ƙofar ɗaki, wata tsohuwa guda ta yarda ta zuba mata. Alhaji ya biyo mu a wani jirgi, muka yi wa mamaciyar salla, sahu bai cika biyu ba. A hanyar dawowa Inna ta sa hannuwanta cikin ruwa tana wankewa, ba ta kalle ni ba ta ce, "Isuhu, yau ba mu tahi ko'ina ba." Na ce to, Inna. Ta ce, "Wadda na wanke ta zama amanata. Ba ni hira a kanta."

Na riƙe bakina, amma na manta da wayata. Bayan la'asar na tura hotunan ranar gaba ɗaya kamar yadda na saba.

Kwana biyu bayan nan hoton ya fito. An zagaye ledar da jan layi, an rubuta, "Ta sayar da mu." Mutanen da ke shafa fuskarta a gilashi, su ne yanzu ke sa yatsu biyu suna buɗa hoton don su auna kaurin ledar. A rumfar mai shayi na ji da kunnena.

"Dubi yadda ta durƙusa, kamar mai gaida miji!"

"Ledar nan fa ta kai kan jariri."

"Dama mace da siyasa? An nuna mata abin duniya ta narke."

Wani ya juyo ya ce mini, "Kai mai hoto, Allah ya yi maka albarka, ka tona mana asiri." Na ajiye shayin na tashi.

Bashari ya tara matasa ya ce tunda uwar tafiya ta je ta karɓi nata, gara su ma su je da ƙafarsu kafin a rufe ƙofa. Washegari suka sa hular Alhaji. Alhaji ya karɓe su, ya yi musu maraba, bai ce uffan a kan ledar ba. Matan da suka yi ankon atamfarta suka koma ɗaura ta a ciki suna rufewa da wani zane.

Na same ta a rumfa tana juya tarwaɗa a kan ragar banda. Na durƙusa na ce, "Inna, ni na jawo miki. Ki bar ni in faɗi gaskiya."

"Ka hwaɗi mi?"

"Cewa likkafani ne."

"Su ce na wa? Kai kuma ka ce na yayar Alhaji da aka ɓoye a gungu shekara da shekaru. Kahin azahar sun tsallaka da wayoyinsu suna ɗaukar kabarinta. Baiwar Allah ba su san ta da rai ba, sai yanzu za su san ta don ni in hau kujera?"

Na ce, "Inna, in aka ji, wallahi Alhaji ya faɗi zaɓe. Babu macen da za ta ba shi ƙuri'a."

"Na sani," in ji ta. "Shi ma ya sani, kuma da saninsa ya zo wurina."

Sai ta ce in nuna mata hoton. Ta goge hannu a zane, ta kai wayar nesa da ido saboda ba ta gani kusa, ta daɗe tana kallo. "Ka iya ɗauka, ɗan nan," ta ce. "Ko ni na gani sai in ce matar nan ta ci kuɗi." Ta miƙo mini. "Share hawayenka ka miƙo itace, kifi na jira." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta faɗi zaɓen, faɗuwa mai muni. Har a rumfar zaɓen da ke ƙofar gidanta ba ta kai labari ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Waɗanda ta yi shekaru tana ɗaukar musu kifi zuwa kasuwa suka riƙa sauya hanya in sun hango ta. Yara na bin ta suna cewa "Hajiya leda". Amma in mace ta rasu a gidajen nan, ƙofarta ake ƙwanƙwasawa, ta kuma yafa mayafi ta tafi. Bara da damina innar Bashari ta rasu. Inna Kulu ce ta wanke ta. Na tare ta a hanya na ce, "Har can za ki?" Ta ce, "Ita mi ta yi mini?"

Ban sake ɗaukar ta hoto ba. Takan tsokane ni a jirgi ta ce, "Mai hoto ya yi ritaya?" Sai in ce wayar ce ta lalace. Ta san ƙarya nake. Har makon da hawan jini ya kwantar da ita tana sa hannu a gefen jirgina tana auna ruwa.

Jana'izarta ta cika maƙil. Tun daga ranar kuma wayoyi sun cika da hotunan da na ɗauka: ga ta kan buhun gishiri, ga ta da jariri a cikin ruwa. Ana rubuta "uwar talakawa", ana rubuta "ba za a sake irinta ba". Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa a hankali, don ni ba na saurin karatu. Ban ga wanda ya rubuta "mun zalunce ta" ba. Hoton ledar kowa ya goge nasa, kamar gogewar ita ce neman gafara.

Ranar addu'ar uku Alhaji Mamman ya ja ni bayan rumfar zaman makoki. Ya rame. Ya ce, "Isuhu, ka faɗa musu. Tana raye na kasa, yanzu ma bakina ya yi nauyi. Ka sa sunana, amma ka bar na yayata da na gungun." Na ce to. Ban yi masa godiya ba, bai kuma jira ba.

To na faɗa. Abin da Inna ta gani a cikin ɗakin nan ya tafi tare da ita, ni a ƙofa na tsaya. Abin da ke cikin leda kawai na bayyana, domin 'ya'yanta su daina sunkuyar da kai a kasuwa.

Ya Allah, ka jiƙan Hauwa'u. Yadda ta suturta bayinka mata ba ta tona kowa ba, ka suturta ta ranar da babu sutura sai taka. Ka yalwata kabarinta, ka sa can ya fi mata nan. Ka jiƙan baiwarka da ke kwance a gungu. Ka ba Malam Ɗanjuma mijinta haƙuri, da 'ya'yanta Rabi da Aminu da Saude, da matan layin banda da suka rasa mai raba musu gardama. Ni kuma da hannuna ya riga tunanina, ka yafe mini. Amin.

Wanda ke shakkar maganata, ba ni kaɗai ba ne a bakin ruwa a safiyar da aka miƙa ledar. Akwai Baba Manu mai gyaran komar kamun kifi, yana zaune kan kifaffen jirginsa. Akwai Lami mai ƙosai, wadda ta ce za ta dafa Littafinta Mai Tsarki a kai in ana so. Akwai Sale direban Alhaji. Na huɗu shi ne wanda ya karɓi ledar daga hannun Inna don ta samu ta hau jirgi, ya kwance bakinta ya leƙa, ƙamshin turaren ya buge shi har ya ce "Allahu akbar, wa ya rasu?", sannan ya ɗaure ya miƙo mini. Bashari ke nan. Yana nan da ransa, ku tambaye shi.