Tukwanen Inna Tasalla

Duk wanda ya zauna a Riruwai ya ce bai san Inna Tasalla ba, ƙarya yake, ko kuwa bai taɓa mallakar abin da yake tsoron ya ɓata ba. Gidanta na gindin dutse, daidai inda hanyar masu wankin kuza ta gangara rafi. Baƙo in ya wuce, tsohuwa mai dama fura zai gani. Mu 'yan gari mun san sana'arta ta gaske tana ɗakin baya.

'Yar Ɗansoshiya ce. Mijinta mai jakai ne, shi ya kawo ta, yana ɗauko wa leburorin kamfanin haƙar kuza hatsi. Ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Dangi suka aiko ta koma gida, ta ce ta saba da duwatsun nan, in ta tashi da safe ba ta gan su ba ji za ta yi kamar an yaye mata zane.

Ajiyar kuwa ba da niyya ta fara ba. Wani lebura ne Badamagare ya ba ta ƙulli ta riƙe masa, don ɗakunan bariki ba ƙofar kirki gare su ba. Ta rasa inda za ta sa, ta jefa a 'yar tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta rataye a ragaya. Mutumin ya yi yawonsa har ta manta kamanninsa. Da ya dawo ta sauko masa da abinsa, lakar ko tsagewa ba ta yi ba. Shi ke nan fa, bakinsa ya ƙi shiru.

Yanzu kowa da tukunyarsa. Kai za ka zo da ita, kai za ka zuba abinka, kai za ka liƙe. Inna ba ta leƙawa, ba ta tambaya. Ta karɓa ta shige ɗakin ita kaɗai. Hannun da ya ba ta shi take mayar wa, ba uwa ba, ba mata ba, ba miji ba. Wani akawun kamfani ya taɓa ce mata ai bankin Turawa na Kano ma haka suke, ko matar mutum ta je ba a gaya mata komai. Inna ta ce, "To, ashe su ma an yi musu tarbiyya."

Sau ɗaya na taɓa hango cikin ɗakin, iska ta ɗaga asabari. Wallahi har yau ina mafarkinsa. Tukwane ne reras a sama, hayaƙi ya rine su baƙi ƙirin, suna lilo a hankali, rana ta ɓullo ta ramin jinka tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ce kawunan mutane ne sun taru suna gyangyaɗi. Ba alama ko ɗaya a jikinsu, amma ita ta san ta kowa, yadda Bafillatani ya san shanunsa.

Ni Barakatu sunana, daga Yako aka kawo ni. Maigidana Jibrin. E, na faɗi sunan, wa zai kama ni? Mai wankin kuza ne, mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana sau biyu a yini to ranar salla ce. Ni kuwa an ce bakina ba ƙofa. Shi ma yana da tukunya a wajen Inna, na sani, don ni na saya masa ita a kasuwa.

Da rani ya ce zai leƙa wajejen Jos, an ce can aikin ya fi tsoka, kafin ruwan shuka zai dawo. Aka yi ruwan shuka. Aka yi noman farko. Dawa ta kai gwiwa, ta wuce. Ba shi, ba saƙo.

A garin nan akwai abin da kowace mace ta sani. Namiji in zai tafi ya dawo, yana barin tukunyarsa. In tafiyar ta ba dawowa ce, sai ya biya ta wajen Inna ya karɓe, ya fasa ta a nan ya kwashe abinsa. Shi ya sa in an ce wane ya fasa tukunya, matarsa sai ta fara naɗe tabarma. To ni abin da nake son sani ke nan. Ba abin da ke ciki ya dame ni ba, ya ci abinsa. Tana nan ko ba ta nan? Ga shi Yaya Ladan ya aiko daga Yako, wai ran kasuwa zai zo ya tafi da ni, a je gaban alƙali a raba auren, ba za su zuba ido ina zaman jiran gawon shanu ba.

Na sami Inna da hantsi tana dama fura. Na durƙusa na gaishe ta da ladabin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ta ce, "Yau kuma? Wannan gaisuwa da nauyi take, 'yar nan. Sauke ta mu gani."

Na ce, "Inna, tukunyar maigidana. Ba karɓa na zo yi ba. Ki dai ce min tana nan, ko ba ta nan."

"Za ki sha fura?"

"Inna, matarsa ce fa ni!"

"Na sani. Ai na sha kunun bikin."

"To ko kai ki gyaɗa min. Ko ki yi tari. In tana nan ki yi tari."

Ta yi dariya har ludayi ya faɗa ƙwarya. Ta ce, "Ni da nake fama da tari tun sanyin bara, so kike in kashe miki aure ko in ɗaura da mura?"

Na fashe da kuka, kukan gaske, na ce mata muguwa, na ce don ba ta da 'ya shi ya sa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Da zai kawo ta, da ya zo da ke ya ɗora hannunki a kai, da yanzu na faɗa miki. Akwai masu yin haka. Shi bai yi ba. Ran da na buɗe baki saboda hawayenki, gobe wani ƙato zai zo da sanda yana tambayar ta matarsa. Me zan ce masa?"

Na tashi ko sallama ban yi ba. Na zaga bayan gidanta na shiga tonon juji ina neman kasko, sai ka ce kaza. Ashe Inna a rafi take zubar da fasassun, don irina.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na je ɗiban ruwa sai in zauna a kan falalen dutse, in yi ta kallon masu wanki suna juya ƙwarya, yashi na tafiya, baƙin kuza na kwantawa a ƙasa yana ƙyalli. Hazon damina ya sauko ya rufe kan duwatsu, in ga kamar mutum yana fitowa daga ciki da tabarma a kafaɗa, in ƙura ido, ashe kututture ne. Wani lokaci in gan shi a raina a wani gari mai fitilu, wata doguwa tana zuba masa ruwan alwala. Wani lokaci in gan shi kwance a bukka ba mai ba shi ruwa. Tukunyar ma haka, yau in gan ta tana lilo a ragaya, gobe in ga ragayar wayam.

Ran kasuwa Yaya Ladan ya zo da jaki. Shi ma ya je wajen Inna, har da cire hula.

Ya ce, "Inna, ku ne manya. Rayuwar yarinya ake magana."

Ta ce, "Ladan, a ɗakin can akwai tukwanen da masu su suka tafi tun kana tsaron tsuntsu a gona, har yau suna rataye. Tukunya ba ta jawo mutum gida. Ita dai ta tambayi ranta, nata ne, ba a wajena ta ajiye shi ba."

Yaya ya dawo yana huci ya ce in ɗauro kaya. Na shiga ɗaki, na ɗaga tasar tuwo, na mayar. Na tsaya ina kallon inda ƙwaryar wankinsa take kife. Na fito na ce, "Yaya, ka gaida su Baba. Sai an yi girbi."

Ya ce, "Ke dai tun kina goye taurin kai gare ki."

Na ce, "A gidanku na gada." Ya kaɗa jakinsa.

Ana cikin yankan dawa sai ga maigidan nawa. Ya rame kamar kara, daga shi sai buta da tabarma. Ina daka ya yi sallama, taɓaryar ta kusa sauka a ƙafata. Na ba shi ruwa, ya sha, ya zauna yana kallon ƙasa. Ni da baki, na fara zuba: ai na san za ka dawo, tunda ka bar tukunyarka.

Ya ce, "Na fasa ta kafin in tafi."

Na ce, "Ka me?"

"Ban tafi da niyyar dawowa ba, Barakatu. Na gaji da garin, na gaji da kaina. Abin da ke ciki ma ya ƙare a hanya."

"To uban me ya dawo da kai?"

Ya ce, "Duk rafin da na durƙusa zan yi wanki, sai in ji muryarki kina zagin akuya. In waiga ba kowa."

Ko mayafi ban ɗauka ba, sai gidan Inna. Na ce, "Kin sani! Tun ranar da na durƙusa miki kin san ya fasa, kika bar ni ina kallon kututture!"

Ta ce, "Na san ya karɓi tukunyarsa. Ita ya ba ni, ita na ba shi."

"Da kin faɗa min da tuni ina Yako!"

"Da kina Yako," in ji ta. Ta ci gaba da dama furarta.

Na tsaya ina jiran ta ƙara wani abu, ta ba ni haƙuri ko ta yabi kanta, in samu abin kamawa. Ba ta ƙara ba. Wata mata ta shigo da abu a ƙarƙashin mayafi tana waige-waige, Inna ta ce min, "'Yar nan, ba mu wuri."

Har yau ban yanke ba, taimakona ta yi ko cutata. Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Da na koma gida na tarar da shi yana gyara dangar da damina ta kayar, ba wanda ya sa shi. Na ƙarasa dakana, na tuƙa tuwo. Ban ce na yafe ba. Na dai zuba masa miya da yawa.