Malam Jigo da 'Yar Mai Gyaran Agogo

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Jigo. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da adabi a makarantar sakandare guda, kuma bai taɓa shiga aji ya fito ba sai ya ƙwanƙwasa allo da alli ya ce, "To, mene ne jigon?" Ko faɗa yara suka yi a bakin famfo aka kawo su gabansa, jigon faɗan yake fara tambaya. Har matarsa ta ɗauka. In ya dawo gida fuska a murtuke, sai ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, yau kuma mene ne jigon?"

Ɗan tela ne. A shagon mahaifinsa ya tashi, yana ɗinka maɓalli da littafi buɗe a cinya, tsohon yana cewa wata rana sai ya haɗa yatsansa da rigar mutane ya ɗinke. Da ya zama malami sai ya shigo da tsabtar aikin tela cikin koyarwa. Kowane littafi da ke cikin manhaja yana da nasa kundin da ya rubuta da hannu: babban jigo, ƙananan jigogi, halayen taurari, salo. Yana karantowa yara suna rubutawa, wanda ya haddace ya ci jarrabawa. Iyaye suna sa masa albarka, shugaban makaranta kuma da shi yake buga misali.

A cikin littattafan akwai wani tsoho, wanda shi kansa ya karanta tun yana ɗalibi. Labarin wani saurayi ne da ya tafi neman ilimi ƙasa mai nisa, ya bar uwarsa ba lafiya a hannun yayarsa. Yana aiko da wasiƙu, yayar tana ɓoyewa a akwati, har uwar ta rasu. Abin da ke cikin kundin Malam game da yayar layi biyu ne: mai hassada, mai baƙar zuciya, tana wakiltar masu ƙin ci gaban wani.

A shekararsa ta tara da fara aiki ya ba ɗaliban aji biyar aikin gida, su yi sharhi a kan halin yayar. Takardu arba'in da ɗaya suka maido masa da layukansa biyu, an ja su an miƙe sun cika shafi. Ta arba'in da biyu ta wata yarinya ce mai zama kusa da taga, wadda ba a jin muryarta sai in ana kiran suna, 'yar wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Shafi huɗu ta rubuta. Ta ce a duba, wasiƙu biyun farko yayar ta karanta wa uwar, kuma kowacce cewa take ina nan tafe ƙarshen wata. Duk sau biyun marubucin ya nuna tsohuwa ta fito ƙofar gida ta zauna jira har ruwa ya dake ta, ciwo ya ƙaru. Daga ta uku yayar ta fara ɓoyewa. Kuma ba ta ƙona ko ɗaya ba, jera su ta yi bisa kwanan wata ta ɗaure da zare. A ƙarshe yarinyar ta rubuta: "Marubucin bai taɓa ce mana muguwa ce ba. Ƙaninta ne ya faɗa, shi kuwa ba ya nan lokacin da abin ya faru."

A ofishin malamai ya karanta, lokacin hutun ƙarfe tara. Ya jawo littafin ya bi shafukan da ta ambata ɗaya bayan ɗaya. Komai yana nan yadda ta faɗa. Ya fi shekara goma sha biyar yana juya waɗannan shafuka bai gani ba. Malamin lissafi, wanda ba ya iya ganin takarda bai leƙa ba, ya karanta ta saman kafaɗarsa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai Jigo, wannan ai sai ka ba ta allin ka koma benci."

"Kwafa ta yi," in ji Malam.

Bai shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Amma malamai shida sun ji, sai ya ga ba shi da hanyar komawa. Da ya shiga aji ya kira ta gaban allo, ya ɗaga takardar.

"A wane littafi kika kwaso wannan?"

"Malam, a wanda ka ba mu."

Aji ya fashe da dariya. Ya ɗauki dariyar a matsayin raini, ya zana mata sifili da jan biro, ƙato, ya ce gobe ta zo da ubanta.

Mai gyaran agogo ya zo da sassafe, siririn mutum, da shatin gilashin aikinsa a kewayen idon dama. Tun daga bakin ƙofa ya durƙusa. Ya ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. Abin da ka faɗa shi ne. A yi mata haƙuri, ba za ta sake ba." Yarinyar tana tsaye bayansa tana kallon bango, ba ta yi kuka ba. Zango na gaba ta koma ajin kimiyya. Takardar kuwa Malam ya jefa a aljihun teburinsa, wai shaida.

Da shekara ta zagayo ya zo kan yayar, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Amma wasu masu nazari suna ganin..." Ya ga yaran da ke gyangyaɗi sun ɗago kai. Wani mai duba makarantu da ya zauna a bayan aji ya riƙe hannunsa ya ce bai taɓa jin an buɗe littafin haka ba. Bayan 'yan shekaru ya tattara kundayensa aka buga ɗan littafin jagora ga masu shirin jarrabawa, kuma a shafi na goma sha bakwai maganar yarinyar ce, kusan kalma da kalma, ba sunanta. Malaman wasu makarantu in sun haɗu da shi wurin gyaran takardun jarrabawa, wannan shafin suke yaba masa. Yakan yi murmushi ya ce aikin Allah ne, sannan ya kasa cin abincin rana.

Yakan ce wa kansa ai da ma ko ba ita da ya gano da kansa. Wani lokacin ya ce ilimi ba na mutum ɗaya ba ne. Amma ya daina bi ta ƙofar kasuwar da teburin agogo yake, gara ya zagaya ta layin masu katako. Da agogonsa ya tsaya, ajiye shi ya yi bai kai gyara ba, matarsa tana yi masa tsiya wai rowa ta hana shi sanin lokaci.

Shekara uku da yin ritaya idanunsa suka fara hazo. Babbar 'yarsa ta matsa, ta kai shi asibitin ido da hantsi. Mai gwajin mace ce, ta haura arba'in, cikin farar riga. Ta zaunar da shi, ta ɗora masa wani ƙarfe mai nauyi a hanci tana sauya gilasai.

"Malam Jigo, karanta min layi na huɗu."

Ya yi dariya. "Ashe ɗalibata ce. Likita, wace shekara?"

"Ni ba likita ba ce, Malam, gwajin ido nake yi. 'Yar mai gyaran agogo ce."

Ta zura wani gilashi, fuskarta ta fito tar a gabansa. Haruffan bangon duk yana ganinsu, amma ya kasa furta ko ɗaya.

Ta ci gaba da aikinta, murya a kwance. Ta ce 'yarta tana ajin ƙarshe, bara ta zo gida da littafinsa. "Na karanta shafi na goma sha bakwai. Na ce to alhamdulillahi, ashe daga baya Malam ya yarda."

Da ya yi shiru, da a nan maganar ta ƙare. Ita da kanta ta ba shi mafita. Ya kama hannun kujera ya ce, "Ba daga baya ba ne, 'yata. Tun ranar na sani. Kafin in shiga aji na duba littafin, na ga gaskiyarki."

Hannunta ya tsaya da gilashi a sama.

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ta mayar da gilashin cikin akwatinsa a hankali. Ta ce, "Baba ya rasu shekara shida ke nan. Duk takardar shaidar da na kai masa, sai ya juya ta ya ce, Allah dai ya sa da guminki ne. Har wadda ta ba ni wannan aikin."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Malam, bar ni tukuna, yau ba ni da abin da zan ce maka. Wanne ya fi, wannan ko wannan?" Haka ta ƙarasa gwajin, ta rubuta masa takardar maganin ɗigawa a ido, ta ce ya dawo Laraba ya karɓi tabarau.

A gida ya gaya wa matarsa komai, tana ninke kayan wanki. Ba ta yi tsiya ba wannan karon. Ta daɗe tana lallatsa riga guda, sannan ta ce, "Da 'yarka aka yi wa haka, Malam, da har yau ba ka gaida mutumin."

Washegari ya tafi maɗaba'a ya ce a gyara shafin. Mai maɗaba'a ya ce sai bugu na gaba, ga kwafi ɗari shida jibge a ɗakin ajiya. Malam ya ce a ba shi kujera. Kwana tara ya yi a ɗakin nan mai warin tawada, yana yanke ɗauri, yana buɗe kowane kwafi, yana rubutu a gefen shafin da hannunsa: wannan nazari ba nawa ba ne, na ɗalibata ne, ga sunanta, ta rubuta shi tana shekara goma sha shida, na ce ta kwafa, ƙarya na yi. Mai maɗaba'a yana ta mita wai zai ɓata masa kaya, ga shi rubutun sai karkacewa yake. Waɗanda suka riga suka shiga hannun mutane, dubbai, ba yadda zai yi da su. Ranar Larabar ma da ya je asibiti mai gwajin ba ta fito ba, wata ce ta miƙo masa tabaran. Ya koma bayan ya gama, ya bar mata kwafi ɗaya a wurin mai karɓar kati.

Wata biyu shiru. Ran nan da la'asar aka yi sallama, sai ga 'yar mai gyaran agogo da wata tsohuwa mai dogara sanda. Bayan an gaisa ta ciro littafin daga jaka.

"Mahaifiyata ce, Malam. Ba ta karatu. Ina so ta ji daga bakinka."

Ya gyara tabarau ya karanta har zuwa kalmar ƙarshe. Tsohuwar ta saurara kanta a sunkuye.

Ta ce, "Ni ai na sani. A gabana ta rubuta, kwana uku, ina wanki tana kan tabarma. Na gaya wa ubanta, ya ce in yi shiru, malami ba ya ƙarya."

Matar Malam ta kawo ruwa, tsohuwar ta kurɓa don kada a ce ta ƙi. Ya raka su har bakin titi, yana tafiya a bayansu kamar wanda aka kira ofis. Da ta shigar da uwarta mota, sai ta juyo ta dube shi, ta miƙa hannu ta daidaita masa tabaran da ya karkace a kunne ɗaya.

"Maganin ɗigawar sau biyu ne a rana, Malam, ba sau ɗaya ba. Na ga idon ya yi ja."

Ya ce to. Motar ta tashi, ya tsaya a wurin har ta sha kwana.