Goran da Ke Tsaron Rumfa

Kakata Hajo ba ta fara tatsuniya sai ta ga an wanke tukunyar tuwo. Da wannan doka ta ci amfaninmu shekara da shekaru a gidanmu na Sabon Birni. Da an idar da sallar isha'i sai ka ga mu jikokinta muna rige-rigen wanke-wanke kamar masu son aiki, alhali kowa wurin zama kusa da murhu yake hange. Ita kuwa tana kan 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, tana tura kara ɗaya-ɗaya cikin wuta don kada ta ci da yawa. In harshen wutar ya tashi sai tsagar Gobir da ke kumatunta ta fito raɗau, in yi ta ƙoƙarin bin layukan da ido, amma ba ta barin fuskarta wuri ɗaya.

Ni Mai-baki take kira na. Wai tun ina goye nake amsa tambayar da ba a gama yi ba. Ban musa ba, don ko a tatsuniya ni ce mai tsoma baki in faɗi ƙarshen labari tun ba a kai tsakiya ba, kuma sau da yawa ba daidai ba.

"Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" in ji Kaka.

"Mu ka tarbon ta," mu amsa baki ɗaya.

Sai ta harare ni. "Mai-baki, aje bakinki nan gaban murhu shi ji ɗumi, ki matso da kunne."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wani mai sayar da tufafi da gaisuwa ta gundure shi. Kowa ya zo rumfarsa sai an yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, kafin a taɓa ko ƙyalle ɗaya. Ya kai kukansa gindin wata tsamiya, aljanin da ke ciki ya ji tausayinsa ya ba shi gora mai magana. Mutumin ya koya wa gora maganganu uku: "Maraba. Madalla. Gobe ma a dawo." Ya rataye shi a bakin rumfa, ya tafi inuwa ya miƙe ƙafa. Kasuwa ta yi ta ci, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallon gora. In Kaka ta zo nan sai ta toshe hanci ta yi muryar goran, mu yi ta birgima a kan tabarma.

Daga nan sai ta sauke murya, mu ma mu yi tsit.

"Ran nan sai ga abokinai na ƙuruciya, ido jawur. Yac ce, ɗana ya rasu da asuba, hwarin ƙyalle nika so. Gora yac ce, Madalla. Gobe ma a dawo."

Abokin ya juya ya tafi. Labari ya bazu. Ba wanda ya zagi mai tufafi, ba wanda ya kai ƙararsa, sai dai daga ranar duk abin da ya faɗa wa mutanen gari da kalmomin goransa suke amsa masa. Ranar da rumbunsa ya kama wuta ya fito yana neman agaji, suka tsaya a bakin ƙofofinsu suna cewa, "Madalla. Gobe ma a dawo."

"To, laihin wa na?" Kaka ta tambaya.

"Na gora," ni ce kan gaba wajen amsawa.

"Gora na da kunne? Abin da anka zuba mai shi yaka zubarwa. Mutumen ga shi yab bar bakinai kasuwa, yat tahi inuwa da kunnuwanai. Ta ƙare, wuta ma ta ƙare, kowa shi nemi tabarmatai."

Kaka ta rasu tun ba a san irin wayar da ake shafawa da yatsa ba. Ni kuma aure ya kawo ni garin Isa, inda nake sayar da atamfa da leshi da mayafai daga cikin ɗakina. Wayata ita ce rumfata. Da ita nake shiga intanet in ga zanen da ake yayi, in ɗauki hoton kaya in ɗora a sitatus inda masu lambata za su gani, mata su zaɓa, in ba direba ya kai. Tun da hanyoyi suka lalace da tsoro, matan ƙauye suka rage shigowa gari, wayar ta ƙara zama komai. Ba na raina ta, da ita nake rufa wa kaina asiri.

Wata rana na ci karo da wani bidiyo da ke koyar da yadda manhajar 'yan kasuwa za ta riƙa amsa saƙo da kanta in mutum ba ya kusa. Na ji kamar an yi mini kyautar 'yar aiki. Na zauna na tsara amsata, na goge na sake har ta yi mini: "Barka da wannan lokaci! Mun ji daɗin saƙonki ƙwarai. Sabbin kaya sun iso, a duba a zaɓa." Na liƙa 'yar fuskar nan mai dariya a ƙarshe. Har nuna wa maigidana na yi ina taƙama. Wallahi goran Kaka bai faɗo mini a rai ba ko kaɗan.

Gwaggo Dije dillaliya ce a Gangara, ita ce ta fara ɗaukar kayana tana shiga da su gida-gida lokacin da ba wanda ya san ni. Ba 'yar uwata ba ce ta jini, amma ta wuce abokiyar ciniki. 'Yarta Hadiza ce mai zaɓar mata zane a waya, ido gare ta, in ta ce wannan zai tafi to zai tafi. Gwaggo ba ta karatun boko, saƙon murya take aikowa, kuma saƙonta ba ya gajarta. Sai ta gaishe ni, ta gai da maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuyata, sannan can a ƙarshe ta faɗi abin da take so.

Wata Juma'a da safe saƙonta ya shigo ina tsakiyar ɗaukar hoton sabon kaya. Na ga tsawonsa, na ce a raina Gwaggo ta fara gaishe-gaishen nata, ai waya ta amsa mata, na saurara an jima. An jima ta zama Lahadi. Ina tsintar wake na danna shi, na ajiye wayar a kan faifai.

Babu gaisuwa a ciki. Yawancinsa shiru ne da jan numfashi. Hadiza ta rasu da asuba wurin haihuwa, jaririyar tana raye. "Ke nih hwara gaya ma, don tana son ki. Bayan azahar za a kai ta." A ƙarƙashin wannan, cikin daƙiƙar da ya shigo, ga amsata nan zaune da fuskarta mai dariya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauki waya zan kira, na fasa, don wannan ba ta waya ba ce. Maigida ya yi maganar haɗarin hanya, na ce za ni. Washegari na shiga motar safe, ina tafe ina shirya abin da zan ce: ba ni ba ce, waya ce, haka aka yi ta.

Na same ta a tsakar gida cikin mata, jaririyar na kan cinyarta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta daɗe tana kallona.

"Na ji amsarki," in ji ta. "Malamar makaranta nis sa ta karanta min, nan gaban mutane. Nic ce ta sake, halan ba ta gani da kyau ba."

Na buɗe baki in ɗora wa waya laifi. Sai na ji tambayar Kaka kamar tana zaune a bayana, kuma wannan karon na san amsar.

"Gwaggo, ni nir rubuta shi, ni nis sa waya ta dinga hwaɗi nai ga kowa. Saƙonki kuma kwana biyu ban saurara ba. Ki gahwarce ni."

Sai ta ɗago jaririyar ta miƙo mini.

"Riƙe ta. Tun ranar ba ta bari na runtsa ba, ban san mi taka so ba. Ke mai waya, saurara ki gaya min."

Wata tsohuwa a gefe ta yi 'yar dariya, ni kuma sai a lokacin kuka ya zo mini. Kwana uku na yi a gidan.

Har yau da waya nake kasuwanci, kuma har yau ina koyon sababbin dabarunta. Waccan amsar dai na kashe ta tun a motar komowa. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka labarin malalaci ce, sai da na girma na ga mutumin ba aiki ya gudar wa ba, sauraro ya gudar wa, kuma ba a banza take kallona ba duk lokacin da ta zo wurin. Ina kewar tsohuwar nan, ina kuma jin haushin yadda ta san ni.

Gwaggo Dije ta koma aiko da dogayen saƙonninta, har da tambayar akuya. Ko me ke hannuna sai in ajiye, in kara waya a kunne, in ji har ƙarshe. In na ja hirarmu sama, saƙon ranar Juma'ar yana nan, amsata tana ƙarƙashinsa tana dariya. Wayar tana da wurin gogewa. Ban goge ba.