Hannun Mai Shayi

Duk direban da ya taɓa tsayawa a Diko shekara goma baya ya san Ghali mai shayi. Shi ne wanda ke wanke kofi sau uku kafin ya zuba maka, kuma in ka kuskura ka yi atishawa kusa da burodinsa, harara za ta raka ka har cikin motarka. Ƙyanƙyaminsa ya wuce misali. Amma wajen sukari hannunsa a sake yake, har direbobi kan ce shayin Ghali shi kaɗai yana riƙe mutum zuwa Kaduna.

Da aka tashi masu tebura daga bakin hanya, sai ya koma gida Suleja ya zauna ba aiki. Wanda ya cece shi wani tsohon mai shan shayinsa ne, Callistus, mutumin kudu da ke kula da akwatunan kifin teku a gidajen manya a Abuja. Ya ce, "Malam Ghali, mai wanke kofi sau uku nake nema."

Akwatin da aka ba shi na gilashi ne, ya fi gado tsawo, cike da ruwan gishiri da kifaye masu launi, da murjani mai rai. Ghali da bai san murjani ba sai a wuyan mata, ya sha mamaki da ya ga yana motsi. Aikin kuwa ga shi. Kashin kifi da ragowar abinci suna narkewa a ruwa, in suka taru gansakuka ta rufe murjanin ta kashe shi. Don haka kowace safiya sai ya zuƙo magani kaɗan da sirinji daga wata farar kwalba marar rubutu da Callistus ke cika masa, ya zuba. Maganin abinci ne ga wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su kuma su cinye dattin, sannan wani inji mai tayar da kumfa ya kwaso su ya tara a wani kofi.

Wannan kofin, Allah ya raba bawa da shi! Baƙin taɓo ne kore-kore mai yauƙi, warinsa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a kwatar kasuwa da damina. Ranar farko sai da Ghali ya amayar da karin kumallonsa. A motar komawa Suleja mutane na toshe hanci suna kallon juna, shi kuma ya kafa ido a taga kamar bai san zancen ba. Matarsa Luba ta ware masa bokiti da sabulunsa a zaure.

Abin da ya riƙe shi a aikin wata kifanya ce rawaya, mai tafiya a natse ba ta kula kowa. Ya sa mata suna Hajiya. Ita kaɗai ke cin ganyen teku daga yatsunsa, kuma mutumin da ba ya yarda a taɓa masa kofi sai ga shi yana tsoma hannu har gwiwa saboda ita.

Shekara biyu ana haka, sai mahaifiyar Callistus ta rasu, ya tafi gida na mako uku. Ya ce, "Na bar maka amanarsu." Ana kwana takwas da tafiyarsa farar kwalba ta ƙare. Ghali ya kira shi ya tambayi sunan maganin.

"Wane magani? Ai giya ce, bodka. Ka shiga kowane shagon giya, za su ba ka."

Ghali ya tsaya da waya a kunne. Shekara biyu cur! Sau nawa abin nan ya ɗiga a yatsunsa ya sunsuna, ya ɗauka irin ruwan goge wurin allura ne na asibiti? Da hannun nan yake cin tuwo, da shi yake riƙe carbi. Ya koma gida ya dirje hannun da sabulu, ya bi da toka, ya ƙara da lemun tsami.

Luba ta ce, "Haba Malam, ai ba sha ka yi ba. Kuma ba ka sani ba."

"Yanzu na sani. Ni Ghali in shiga shagon giya in fito da kwalba a jaka? In hau mota da ita kusa da mutanen da suka san ubana?"

Kwana biyu bai zuba komai ba, gansakuka ta fara tsirowa. Ya sake kiran Callistus ya ce ko za a kore shi ba zai taɓa giya ba. Callistus ya yi ajiyar zuciya. "To, sukari ma yana yi. Rubu'in ƙaramin cokali, sau ɗaya a rana. Rubu'i fa, Malam Ghali. Abeg, don Allah kar ya wuce."

Nan fa Ghali ya ji an zo gidansa. Sukari! Ya sayo mai kyau a babbar kasuwa, ranar Juma'a da safe ya tsaya gaban akwatin da cokali. Ya auna rubu'in, ya dube shi, ya ji kunya ta kama shi. Kofin shayi ɗaya ma cokali uku yake ci, balle ruwan da ya kai duro huɗu, ga bakuna da yawa, ga kwana biyu ba su samu ba. Callistus mutumin kirki ne, amma ina ya san sukari? Ya ajiye cokali ya damƙo da hannu ya watsa, ya ƙara kaɗan, kamar yadda yake yi wa direban da ya gaji.

Da safiyar Asabar tun daga ƙofar falo wari ya tare shi. Ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Yauƙi ya lulluɓe gilashi da duwatsu, kofin nan ya cika ya malala har kan darduma. Ƙananan halittun sun samu abin da ya fi ƙarfinsu, sun hayayyafa sun shanye iskar ruwan. Kifaye duk sun taso sama suna buɗe baki.

Yini guda Ghali yana kwashe ruwa yana haɗa sabo, ƙafarsa cikin ƙazantar da a da ko kallonta ba ya iyawa. Wasu kifayen sun farfaɗo. Rabin murjanin ya mutu. Hajiya kuwa sai da la'asar ya gano ta a bayan dutse, yauƙi ya naɗe ta. Da hannu ya ɗauko ta, bai nemi safar hannu ba.

Da Callistus ya dawo bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Cokali nawa?" Tafin hannunsa kawai Ghali ya buɗe masa.

Ba a kore shi ba. Yanzu ruwan tsami na kwalba suke zubawa, mai rubutu a jiki, kuma Ghali kan duba layin sirinji sau uku kafin ya danna. Har yau in ya dawo Suleja yakan tsuguna a zaure ya yi ta dirzar hannunsa na dama. Luba na cewa har yanzu Malam bai huce da zancen giyar nan ba, shi kuma bai taɓa gyara mata ba. Giyar shekara biyu ba ta kashe ko kifi ɗaya ba. Hannun da ya damƙo sukari yake wankewa.